Ɗigo Ashirin a Minti

Idan ka koya wa mutum wani abu don sauƙinsa da naka, sannan abin ya zo ya yi ɓarna a hannunsa ba ka wurin, hannun wa za a kama? Na wanda ya murza, ko na wanda ya nuna yadda ake murzawa? Ko kuwa na wanda ya kwanta yana roƙo a murza masa? Ba a samu wanda ya raba wannan gardama ba. Shi kansa Mai Agogo ya yi kwana goma sha ɗaya yana juya ta a ransa, bai raba ta ba.

Mai Agogo nas ne a ɗakin jinyar maza, shekararsa ashirin da tara a bakin aiki, saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan agogo da yake maƙalawa a aljihun farar rigarsa. Duk wanda za a ƙara wa jini a ɗakin nan, shi zai tsaya a kansa, ido ɗaya a agogo ɗaya a robar da jinin ke bi, laɓɓansa na motsi, har ɗigon ya daidaita. Ɗakin gado ashirin da huɗu ne, layi biyu, nas biyu kacal da rana, uku in an yi sa'a.

Ƙarin jini yana da dokokinsa, kuma ba wanda ya kai Mai Agogo saninsu. In ledar jini ta fito daga firij, a ɗaura ta cikin rabin awa. Nas biyu su tsaya a bakin gado su karanta suna da lamba da rukunin jini. Wanda ya ɗaura ya zauna minti goma sha biyar ba ya motsawa, don in jiki zai ƙi jinin, yawanci a nan yake nunawa. Daga nan a riƙa dawowa ana awo. A jikin robar kuma akwai wata 'yar taya: a murza ta ƙasa jini ya tsaya, a murza ta sama ya yi gudu. Doka ta ce ba mai taɓa ta sai nas.

A wannan ta ƙarshen ce kaɗai Mai Agogo ya yi sassauci, kuma ya daɗe da yi. Mutum biyu ba su isa su tsare gado ashirin da huɗu ba. Sai ya riƙa nuna wa masu jinya, waɗanda ya ga suna da natsuwa: in leda ta ƙare, murza ƙasa, ka kira ni. Shekaru ana haka ba abin da ya taɓa faruwa.

Matar wani kafinta na cikin waɗanda ya nuna wa. Mijinta mai ciwon ƙoda ne, jininsa na yawan yin ƙasa, ga raunin zuciya, shekara biyu ke nan ana kawo shi kusan duk wata. Ita siririya ce mai shiru-shiru, amma ba a nuna mata abu sau biyu. Ranar da ya koya mata rufewa ta ce, "In aka yi sama fa?" Ya yi dariya ya murza mata a jikin robar ƙarin ruwa, ta ga ɗigo ya koma zare, ya mayar. Bai gaya mata abin da gudun ke yi wa mai raunin zuciya ba. Ba ta tambaya ba, shi kuma a lokacin aka ƙwala masa kira daga gado na tara.

Ranar wata Talata da hantsi aka sake kawo kafinta, yana dafe da kafaɗar matarsa, tafin hannunsa fari fat.

"Mai Agogo, ga tsohuwar motarka ta dawo shan mai."

"Motar da ba ta tafiya amma ta fi kowa sha. Hau gado na bakwai."

"Wancan mai ɗingishi? Tun bara nake cewa ka bar ni in sa masa ɗan katako a ƙafa. Ita kuma kujerar nan, wanda ya haɗa ta Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba."

"Sannu da zuwa, Sistar gado na bakwai," in ji Mai Agogo ga matar. Ta yi murmushi ta ajiye kwandonta a ƙarƙashin gado.

Abokiyar aikinsa a ranar Auta ce. Ba yarinya ba ce, ta haura talatin, 'ya'yanta biyu. Ana ce mata Auta ne don ita ce ta ƙarshen shigowa. Shekara takwas ta yi tana shara a wannan asibitin, tana karatu a ɗakin ajiyar tsintsiya in ta samu sarari, har ta shiga makarantar jinya ta fito. Watanta biyar da sa farar riga, ba a ma tabbatar da ita a aiki ba tukuna.

Ita ta ɗauko ledar jinin. Suka tsaya su biyu a bakin gado.

"Faɗi cikakken sunanka," in ji ta.

"Shekara biyu kuna tambayata, har yau ba ku haddace ba? Wace makaranta kuka yi?"

"Mu mun haddace, Baba, ledar ce ba ta haddace ba."

Ya faɗa yana dariya. Suka karanta lamba, ta dace. Rukuni ya dace. Kwanan wata bai wuce ba. Likita ya rubuta awa huɗu, saboda zuciyar. Mai Agogo ya cire agogonsa ya miƙa wa Auta, ta ƙirga, ta ɗan murza, ta sake ƙirgawa. Ya karɓa ya ƙirga a bayanta.

"Ashirin cif. Kin fara zama mutum."

Ta jawo kujerar da ba a yafe wa mai haɗa ta ba, ta zauna minti goma sha biyar. Ta auna zafin jiki, ta ji bugun zuciya, ta ɗaura masa abin awon jini, ta rubuta. Kafinta kuwa idonsa na kan taga. Gabas ta fara yin baƙi.

"Awa huɗu, Mai Agogo? Na bar katako a shanye bayan shago. Na ƙofa ne, wata uku ina jiran ya bushe. In ruwan nan ya taɓa shi sai ya lanƙwashe kamar bayan tsoho."

"Ƙofa ta jira. Kai ma katako ne, a hankali ake shigar maka da ƙusa."

Ana cikin haka lokacin wankin ciwon gado na ashirin da biyu ya yi, wani direba da ya ƙone a baya, aikin da sai mutum biyu: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya wanke. Mai Agogo ya tura teburin kaya zuwa ƙarshen ɗaki ya kira Auta.

"Baba, saura awon rabin awa."

"Matar kafinta na nan, ta fi ki sanin robar nan. Zo ki riƙe min."

Ta dubi ledar, ta dube shi, ta taho. Suka ja labule. Tsohon bandejin ya manne wa nama, sai an jiƙa ana ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan, direban na cizon filo. Aikin minti ashirin ya kusa cinye awa guda. Can sama ta yi gurnani sau biyu. Sai suka ji muryar mace, ba ihu ba ne sosai, irin kiran wanda bai saba ɗaga murya ba.

Shi ya fara isa, don Auta na riƙe da kafaɗar direba ba ta isa ta sake shi ba. Kafinta ya tashi zaune, ya kama ƙarfen gado da hannu biyu, yana jan iska ba ta shiga. Jijiyoyin wuyansa sun kumbura, laɓɓansa sun yi duhu, kumfa na fitowa a gefen baki. Ledar da ya kamata a ce ko rabi ba ta kai ba tana rataye a shanye, babu ko ɗigo.

Babban yatsan Mai Agogo ne ya kai kan 'yar tayar kafin tunaninsa ya kai. Ya same ta can sama, a buɗe har ƙarshe. Ya murza ta ƙasa. Ya ɗaga kai suka yi ido huɗu da matar. Ta tura hannayenta duka biyu cikin mayafi.

Daga nan sai gudu. Aka tallafe shi a zaune, ƙafafu a ƙasa, aka sa masa oksijin, likita ya zo ya yi masa allurar fitar da ruwa. Jinin ya shiga da saurin da zuciyar ba ta iya ɗauka, ruwa ya koma ya cika huhu. Aka tura shi ɗakin kulawa ta musamman. Ranar Alhamis da la'asar ya cika. Ruwan da ake gudu ma bai sauka ba a ranar Talatar, iska ce ta taso ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi.

Wan kafinta, wani mai jiki da murya, ya shigar da ƙara a ofishin asibiti. Babbar Sista, wadda ke shugabantar nas-nas, ta kira Mai Agogo. Sa'arsa ce, tare suka fara aiki. Ta tura masa takarda da biro.

"Rubuta abin da ka sani."

"Ba ni na ɗaura ba, Sista. Ba ni da abin rubutawa."

"Kai ka fara isa. Yaya ka samu 'yar tayar?"

"Hankalina na kan numfashinsa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe. Ya tura mata takardar ya fita. Yana tafiya a baranda yana gaya wa kansa ai bai yi ƙarya ba, da gaske hankalinsa na kan numfashin, yatsa ne ya yi aikinsa. Sai dai ya san irin wannan gaskiyar, wadda ake ɗauko ta don a rufe wata da ita.

Abin da ya rage a fayil kaɗan ne. Auta ce ta ɗaura. Awon rabin awa babu shi, gurbinsa fari. Jinin awa huɗu ya ƙare cikin kamar awa ɗaya. Aka dakatar da ita, kwamiti zai zauna bayan mako biyu. Kowa ya san abin da kwamiti ke yi wa wadda ba a tabbatar ba.

Mai Agogo ya yi ta auna abin kamar mai awon magani. In ya faɗa, maganar za ta kai kunnen wan kafinta, kuma matar tana zaune ne a gidan da shi ke da iko, da 'ya'ya huɗu. Za a ce ita ta kashe mijinta, 'ya'yanta su girma da wannan. In bai faɗa ba, Auta ta koma tsintsiya. Ya fi son ya tsaya a kan waɗannan biyun, don akwai na uku da ba ya son kallo: in ya faɗa, sai an tambayi wanda ya nuna wa matar, da wanda ya ɗauke Auta daga bakin gado. Da ya ce don matar yake shiru, sai wata murya ta tambaye shi, don ita kaɗai?

A gida maiɗakinsa ta lura tun kwana na biyu.

"Baban yara, kai da ke cin abinci kamar ana binka, yau kana ƙirga loma kamar ɗigon asibiti. Gishiri ne bai ji ba?"

"Ya ji. Ina tambayarki. A ce wani ya koya wa wani abu, da kyakkyawar niyya, sai shi wancan ɗin..."

"Wa ka koya wa me?"

"Na ce a ce wani."

"Shekara talatin ina jin labarin wanin nan naka, kullum rigarku ɗaya da shi." Ta ɗauke kwanon ta rufe. "In ka shirya faɗa ina nan. Amma ba ni ce mai buƙatar ji ba, da alama."

A kwana na shida ya gamu da Auta. Ta kawo nata bayanin a rubuce, ta fito ta zauna a bencin bayan ɗakin wanki inda masu shara ke hutawa, cikin kayan gida. Ya so ya wuce kamar bai gan ta ba, ta miƙe ta rusuna.

"Ina wuni, Baba."

"Auta. Ya yara?"

"Lafiya lau. Suna murna ina gida, sun ɗauka hutu aka ba ni." Ta gyara ɗankwali. "Baba, ka ƙirga a bayana. Ashirin ka ce."

"Na ce."

"To ka rubuta mana."

"Abin da ya faru bayan nan ake tambaya, Auta."

"Bayan nan ina riƙe da kafaɗar direba. Kai ka kira ni." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar mai tuna wa dattijo inda ya ajiye hularsa. "Na rubuta an kira ni wankin ciwo, ban rubuta wanda ya kira ba. Na ga bai dace in sa sunanka ba, kai ba ka sa ba."



"Ni ba aikin ne ya fi damuna ba," in ji ta. "Tsintsiya ba ta manta da hannuna ba. Abin da ke cina, ko da gaske ni ce. Ina ta ƙirgawa a kaina. Ko da na tashi daga kujera gwiwar hannuna ta goge 'yar tayar? Ko ban danne ta da kyau ba ta zame? Mutumin nan yana kirana 'yarsa, Baba. Yaya ka same ta? Don Allah."

"Ba ta zamewa haka kawai," ya ce. Iyakar abin da ya iya ba ta ke nan. Ya ce ana jiransa a ɗaki, ya tafi, yana jin idonta a ƙeyarsa har ya sha kwana.

A kwana na tara matar kafinta ta zo, tare da wan mijin, karɓar takardar shaidar rasuwa. Wan ya shiga ofis, ana jin muryarsa ta cikin ƙofa yana cewa sai ya ga bayan wadda ta yi wannan sakaci. Ita ta tsaya a baranda jikin taga. Ta rame har mayafin ya yi mata yawa. Mai Agogo ya zo ya yi mata gaisuwa, ta amsa ba ta ɗago ba. Sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, kamar da ma ta taho da ita a ƙulle.

"Maigidana ya ce, ke, dubi sama. Na ce ka bari. Ya ce katakon nan wata uku. Na ce ka bari, za a aika a kwashe. Ya ce wa zai kwashe, duk sun tafi aiki. Ya ce ɗan kaɗan kawai, ai kin iya. Na murza kaɗan. Ya ce ba ki ga kamar ba ya tafiya ba? Na ƙara. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ce masa a'a sau uku a jere ba. Har daɗi ya ji. Ya ce ka ga aiki, da ke aka ba farar rigar."

Mai Agogo ya dubi ƙasa.

"Malam nas, me ya sa ba ka gaya mini yana kisa ba?"

Duk kwanakin nan ya shirya amsoshi iri-iri, wa Babbar Sista, wa kwamiti, wa maiɗakinsa. Wannan bai shirya mata ba. Ya ce, "Ban gaya miki ba." Ya tsaya nan.

"Ka rufa mini asiri. Na gani, na gode. Allah ya rufa naka."

"An dakatar da Auta," ya ce. "Wadda ta ɗaura. Ita ake cewa ta yi. Za su kore ta."

Matar ba ta sani ba. Ya ga maganar ta shige ta, ta dafa tagar. Ta daɗe tana kallon ƙofar ofis inda muryar wan mijinta ke tashi.

"Mai yara biyun nan? Wadda ke gyara masa filo?"

"Ita."

"Ni huɗu gare ni," ta ce. Sai ta kau da kai kamar ta ji kunyar abin da ta faɗa. "In ka faɗa, ba zan ce ka yi ƙarya ba. Amma kada ka nemi ni in ce maka ka faɗa. Wannan kam ba zan iya ɗaukar maka ba."

Ƙofa ta buɗe, wan ya fito yana ninke takarda, ya ce, "Ke, mu je." Ta bi bayansa.

Washegari wata dabara ta zo wa Mai Agogo, har ya ji sanyi a ransa karon farko. Zai ce shi ne. Zai rubuta cewa kafin ya tafi wankin ciwo ya ga ɗigon ya yi nauyi, ya buɗe don ya saki, ya manta bai mayar ba. Auta ta tsira, matar ta tsira, shi kuma ya ɗauki abin da dama yake ganin nasa ne. Me zai rasa? Watanni goma sha huɗu da sunan da ya tara. Ya zauna a ɗakin canza kaya ya rubuta, layi shida, ya ninke ya sa a aljihu bayan agogo. Ƙarya ce, amma ƙaryar da ba ta cuci kowa ba sai mai yinta. Ya yi ta tambayar kansa ko irin wannan ma ana kiranta ƙarya, ya kasa samun inda ta ɓaci.

A kwana na goma sha ɗaya, da safe, yana zagaye da teburin magani, sai ya hango Dogo a gado na huɗu. Dogo nas ne da ya yi shekara bakwai a ƙarƙashinsa, aka dawo da shi aikin rana don ya cike gurbin Auta. An ɗaura wa wani dattijo jini, matarsa tsohuwa na zaune a gefe. Dogo ya sunkuya ya kama yatsanta ya ɗora a kan 'yar tayar.

"Kin gani, Iya? In ta ƙare ki yi ƙasa da ita haka, ki kira ni. Sama gudu ke nan, ƙasa tsayawa."

"To, ɗana. Ashe abin ba wuya."

Mai Agogo bai san lokacin da ya saki teburin ba. Ya cire hannun tsohuwar daga jikin robar, a hankali, amma har ta tsorata.

"Iya, kada ki taɓa wannan. Ko ta ƙare, ko mai gidan ya roƙe ki, ko gini zai faɗo. Kira kawai za ki yi. In ya yi gudu yana iya kashe shi."

Tsohuwar ta janye hannu ta ɗora a cinya tana salati. Dogo ya bi shi zuwa tsakiyar ɗaki, fuska a ɗaure.

"Haba Oga, a gaban mutane? Ai kai ka koya mana. Kowa a ɗakin nan haka yake yi, har na ɗakin mata sun ɗauka."

"Na sani."

"To me ya canza?"

Mai Agogo ya tsaya yana duban layin gadaje, kowane da mai jinyarsa a gefe: mata, 'yan'uwa, wata 'ya da ke wa ubanta fifita da kwali. Nawa ne a cikinsu suka iya? Nawa suka koma gida da iyawar, za su dawo da ita wata rana? Takardar da ke aljihunsa za ta ce tsoho ne ya yi mantuwa. Kwamiti zai yi jimami, a sallame shi, a rufe fayil, kuma ba wanda zai sake duban yatsun da ke zaune a bakin gadaje. A nan ta ɓaci. Bai ji daɗin ganowa ba ko kaɗan, don ya riga ya fara son takardar.

Ya ce wa Dogo ya kula da ɗaki minti goma. Babbar Sista na cikin ofis tana cika jadawalin mako. Ta ɗago ta gan shi a ƙofa, ta cire tabarau.

"In na rubuta abu," ya ce, "dangin mamaci za su gani?"

"Su suka kawo ƙara. Dole a ba su amsa."

"Ba a iya cewa kuskuren ɗaki ne, a tsaya nan?"

"Zan yi iya ƙoƙarina. Amma ba zan yi maka alkawari ba, ba ni kaɗai ba ce a kwamitin." Ta dube shi. "Akwai wanda kake karewa?"

"Akwai. Ban san ko zan iya ba kuma."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya san mai yiwuwa yana buɗe wa mace mai 'ya'ya huɗu ƙofar da ba za ta sake rufuwa ba, kuma ba ta ba shi izini ba, ta dai ce ba za ta ƙaryata ba. Ya san in Auta ta dawo ba za ta sake ce masa Baba da irin muryar da ba. Bai tabbata daidai yake yi ba. Ya dai ƙare hanyoyin da zai bi ya kauce.

"Ba ni takarda, Sista. Sabuwa."

Ta zaro ɗaya ta tura masa da biro. Ya rubuta kwanan wata a sama, ya tsaya. Sai ya fara daga kansa. Ya rubuta cewa shi ya ƙirga ɗigon a bayan wadda ta ɗaura, ashirin ne cif. Shi ya kira ta daga bakin gado tana cewa saura awo. Shi ya nuna wa matar majinyacin yadda ake murza 'yar tayar, wata takwas da suka wuce, bai gaya mata abin da gudun ke yi ba, kuma ba ita kaɗai ya nuna wa ba. Da ya zo layin da zai faɗi yadda ya samu tayar, biron ya tsaya a kan takarda har tawada ta yi ɗan tabo. Babbar Sista ta mayar da tabarau ta koma kan jadawalinta, don kada ya ji ana kallonsa. Ya ja numfashi ya rubuta.